Yadda Ake Gano Matsala Idan Motar Lantarki Ta Ƙi Ɗaukar Caji

Kusan duk wanda ya kawo mini motar lantarki da ƙorafin ta ƙi caji, da fargaba ɗaya yake zuwa, wai babban batir ya mutu. Ba na ganin laifinsa, tunda shi ne abu mafi tsada a jikin motar. Amma a iya abin da ya ratsa hannuna, da wuya laifin ya fito daga can. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa: soket ɗin bango ne ya saki, ko agogon caji aka saita aka manta, ko ƙaramin batirin nan mai volt 12 ne ya gaji. Aikin gaba ɗaya shi ne ka raba abubuwa uku da ke cikin zancen, wato tushen wuta, da kebul, da ita motar, ka gano wanne ne mai laifi kafin ka kashe ko sisi.

Kayan da za ka tanada

- Littafin motar, da na cajar. Kowane kamfani da ma'anar launin fitilunsa, saboda haka ba a aiki da ka.
- Tocila mai haske sosai.
- Mitar awon wuta ta hannu, wadda ke auna volt da om.
- Ɗan fulogin gwajin soket mai fitilu uku, wanda ke nuna ko wayar ƙasa, wato wayar kariya da ke haɗe da ƙasa, tana nan, ko an juya wayoyi.
- Busasshen tsumma, da burushi mai laushi na roba, da abin hura iska.
- Batirin tayar da mota na hannu, ko wayoyin jona batir.
- Kebul na biyu ko caja ta biyu, ko da aro ce. Wannan ya fi duk sauran amfani.
- Wayarka, don ɗaukar hoton duk saƙon da allon mota ya nuna.

In ba ka da mita, kada ka fasa. Matakai bakwai cikin goma da ke tafe ido da kunne da hannu kawai suke buƙata. In kana da na'urar karanta kwamfutar mota, wadda ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari, madalla, amma ba dole ba ce.

Abin da ba a taɓawa

Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo a jikin motar, ta babban batir ce. Wutar da ke cikinta tana kai volt 400, a wasu motocin 800, kuma tana kisa. Ba a kwance ta, ba a ja, ba a gwada ta da mita. Kada ka buɗe murfin cajar bango in ba aikinka ba ne, kada kuma ka zura ƙarfe cikin bakin cajin mota. In ka ji ƙauri, ko ka ga roba ta narke, ko hayaƙi, kashe wuta daga bireka tukuna, sannan ka nemi mai gyara. Wannan ya wuce bincike.

Ɗan abin da ya kamata ka fahimta

Abin da muke kira cajar gida, a gaskiya ba ita ke cajin batir ba. Mai gadin ƙofa ce: tana riƙe wutar AC, wato irin wadda ke shigowa gida, har sai ta gamsu, sannan ta sake ta. Ainihin cajar tana cikin motar, ita ke juya AC zuwa DC, wato irin wutar da batir ke ajiyewa, ta zuba masa. A manyan tashoshin caji mai sauri kuwa, juyawar a waje ake yin ta, wutar DC ta wuce kai tsaye zuwa batir ba tare da ta bi ta cajar cikin mota ba. Riƙe wannan bambanci, zai yi mana aiki a mataki na 5.

Kafin wuta ta gudana, sai mota da caja sun gaisa. A cikin kan cajar, wato ɓangaren da ake sokawa a mota, akwai ƙananan haƙora biyu da ba sa ɗaukar wutar caji. Ɗaya na magana ne: caja tana aika volt 12 ta cikinsa, idan mota ta shigo sai ya sauko zuwa 9, idan ta ce a shirye take sai ya sauko zuwa 6, a lokacin ne za ka ji wani "ƙas" a cikin caja, wuta ta tafi. Ta nan kuma cajar ke gaya wa mota iya amfiyar da za ta ja. Ɗayan haƙorin shi ke shaida wa mota cewa an soka kebul. Galibin matsalolin caji a wurin wannan gaisuwar suke tsayawa.

1. Tsaya ka ga irin ƙin da ta yi

Kada ka fara cire-cire. Soka kebul, ka tsaya kusa, ka saurara kamar minti ɗaya. Ka ji ƙarar makullin da ke kama kan cajar? Ka ji "ƙas" na caja? Wane launi fitilar bakin caji ta nuna, tana tsaye ko tana ƙyaftawa? Ɗauki hoton saƙon da ke allon mota kafin ya ɓace.

Ƙin caji iri-iri ne. Akwai wanda mota ba ta ma san an soka mata komai ba. Akwai wanda ta sani amma tana jira. Akwai wanda ta fara sai ta yanke bayan minti kaɗan ko bayan awa guda. Akwai kuma wanda tana yi amma kamar ba ta yi. Na farko yakan nuna kebul, ko makulli, ko ƙaramin batir. Na biyu kusan kullum saiti ne. Na uku zafi ne ko wutar gida. Na huɗu sau da yawa ba ma matsala ba ce, za mu zo kansa.

2. Duba saitin mota da na caja

Mutane suna raina wannan matakin, shi ya sa nake dagewa a kansa. Tabbatar giya tana kan P. Sannan ka shiga shafin caji a allon motar ka duba abu uku: iyakar caji, agogon caji, da yawan amfiya. In an sa iyaka a kashi 80 cikin 100 kuma batir yana 81, motar ba za ta karɓi komai ba, kuma daidai ta yi. In an sa ta fara caji ƙarfe 12 na dare, to da rana za ta kama kebul ta yi shiru. Wasu motocin suna tuna saitin kowane wuri daban, sai ka tarar tana caji lafiya a ko'ina amma ban da gida.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne agogo biyu. Na taɓa shafe yamma guda a kan wata mota da mai ita ya rantse ta lalace. Ashe ya saita motar ta yi caji daga ƙarfe 11 na dare zuwa 2, ita kuma cajar bango an saita ta a manhajarta ta saki wuta daga ƙarfe 3 zuwa 6 na asuba. Kowace tana jiran lokacinta, ba su taɓa haɗuwa ba. Ka kashe duka agogunan yayin gwaji, in komai ya daidaita ka mayar da guda ɗaya kacal. Ka kuma duba ko agogon motar kansa yana kan lokaci, domin yakan karkace bayan an cire ƙaramin batir.

3. Cire, duba, tsabtace, mayar

Cire kebul ta ɓangarorin biyu. Haska tocila cikin bakin cajin mota da cikin kan cajar. Kana neman ƙura da ta dunƙule, ƙaramin dutse, gidan ƙwaro, ruwa, tsatsa mai kore-kore, haƙorin da ya lanƙwashe ko ya shige ciki, da baƙin tabo na ƙuna. Ƙura da ruwa a hure su da iska, a share gefe da busasshen tsumma. Ba a fesa ruwa, ba a zuba man hana tsatsa. In ka ga tabon ƙuna ko robar da ta canja kama, wannan kan ya gama aiki, kada ka sake soka shi, domin zai ƙona bakin cajin motar ma.

In komai fes yake, mayar da shi da ƙarfi har ya zauna sosai. Motoci da yawa ba sa fara caji sai wani ɗan sanda na makulli ya fito ya shiga ramin da ke jikin kan cajar. Idan kan bai kai ƙarshe ba ko da da ɗan ƙanƙanin tazara ne, sandan zai bugi roba ya koma, za ka ji yana ta gwadawa. Tura kan cajar ciki ka ɗan tallafe shi sama har ka ji ya kama. A irin kan da ake kira Type 1, wanda ya fi yawa a motocin Amurka da tsofaffin na Japan, akwai maɓallin babban yatsa mai ƙugiya a sama. In ƙugiyar ta karye ko maɓallin bai dawo daidai ba, motar tana ɗauka kana shirin cirewa ne, sai ta ƙi jan wuta.

Bai yi ba? Kashe birekar cajar na minti biyu, ka kunna. Ita kuma motar ka cire mata kebul, ka kulle ta, ka yi nesa da makulli na kamar minti 15 don kwamfutocinta su yi barci. Kada ka riƙa buɗe manhajar waya kana leƙawa, hakan tayar da ita yake yi.

4. Bincika wutar da ke shigowa

A nan zan daɗe, domin a nan hatsarin yake.

Caji ba kamar sauran kayan wuta ba ne. Butar dafa ruwa tana jan wuta da yawa amma na minti biyar. Mota kuwa za ta ja amfiya 10 ko 16 ko 32 na tsawon awa takwas ba hutu. Duk wani sukurun da bai ɗauru ba, duk wani soket da ya saki, wannan dogon jan ne ke tona masa asiri.

Fara da allon birekoki. In bireka ta faɗi, ɗaga ta sau ɗaya. In ta sake faɗuwa, ka bar ta. Ruwa ba ya tsami banza. Lura da lokacin da take faɗuwa: in nan take ne da zarar caji ya fara, musamman in mai gadin yoyon wuta ce ta faɗi, to wuta na zurarewa ƙasa ta wani wuri, watakila ruwa ya shiga kebul ko soket. In kuwa sai bayan rabin awa ko awa guda take faɗuwa, nauyi ne ya yi wa layin yawa, ko tana zafi saboda wayar da ke bakinta ba ta ɗauru ba. Babban kuskuren da nake gani shi ne a cire bireka a sa mai girma. Bireka wayar da ke cikin bango take karewa. Ka ƙara mata girma ba ka canja waya ba, ka mayar da wayar ita ce fis.

Sai wayar ƙasa. Yawancin cajoji suna duba ta kafin su saki wuta, in babu sai su kunna jar fitila su yi tsit. Soka ɗan fulogin gwaji a soket ɗin ka gani. Wannan ne ma dalilin da ya sa caja kan ƙi aiki a kan janareto ko inbata, domin da yawansu ba su da haɗin ƙasa irin wanda cajar ke nema. Gyaran wannan na mai aikin lantarki ne, kada ka yi wa cajar dabara don ta daina dubawa.

In kana amfani da cajar tafi-da-gidanka da ake sokawa a soket na gida, bar ta ta yi minti 30, sannan ka taɓa fulogin da bayan hannu. Ɗumi-ɗumi ba komai. In ya kai ba ka iya barin hannunka a kai, tsayar da cajin. Yawancin irin waɗannan cajojin suna da ma'aunin zafi a cikin fulogi, shi ya sa suke rage gudu ko su yanke da kansu. Mai irin wannan matsalar yakan ce motar tana yi sai ta tsaya cikin dare, alhali cajar ce ta cece shi daga gobara. Canja soket ɗin da mai inganci shi ne magani. Kafin nan, rage amfiya zuwa 8 ko 6 daga allon mota ko maɓallin cajar.

Wayar ƙari kuwa, shawarata kada a yi amfani da ita sam. In ta zama dole na dare ɗaya, to mai kauri, gajera, a warware ta gaba ɗaya daga kan faifanta, a kuma rage amfiya. Wayar da ke naɗe tana tara zafi a cikinta har ta narke.

In kana da mita kuma ka saba da ita, auna wani soket da ke kan layi ɗaya kafin caji, ka sake aunawa bayan caji ya fara. Inda ake da volt 230, saukar volt kaɗan ba abin damuwa ba ne. In ka ga ta zube sosai, misali daga 230 zuwa wajen 205, to wayar ta yi siriri, ko ta yi tsawo, ko akwai mahaɗar da ta saki. Wasu motocin da kansu suke rage jan wuta idan suka ga haka.

5. Musanya abu ɗaya a lokaci ɗaya

In an ce in zaɓi mataki guda in bar sauran, wannan zan ɗauka. Kai motar wata caja da ka san tana aiki. In ta yi caji, motarka lafiya, koma gida ka nemi laifin a can. In akwai hali, kawo wata motar ta gwada cajarka. Sannan ka canja kebul kaɗai, ka bar sauran yadda suke. Kada ka canja biyu tare, domin in ta yi aiki ba za ka san wanne ya gyara ba.

Daga nan ka gwada nau'in caji na biyu. Idan ta ƙi AC a ko'ina amma tana karɓar DC mai sauri, babban batir lafiya yake, zargi ya koma kan cajar cikin mota ko fis ɗinta. Idan tana karɓar AC amma ta ƙi DC a tashoshi daban-daban, to ɓangaren DC na bakin caji ne, ko hanyar sadarwarsu. Idan ta ƙi duka biyun, duba makulli da ƙaramin batir kafin komai.

6. Auna kebul

Wannan ya shafi kebul mai kai biyu irin na Type 2, wanda ya zama ruwan dare a Turai. Sai an cire shi daga mota da caja gaba ɗaya, yana kwance a ƙasa ba ya haɗe da komai.

Sa mita a kan om. Haƙorin tsakiya shi ne na wayar ƙasa, ƙanana biyun suna sama kusa da gefen da yake a shafe. Auna tsakanin na tsakiya da kowane ƙarami. Ɗaya zai nuna lamba, kuma lambar ita ce ke gaya wa caja ƙarfin kebul ɗin: om 1,500 na amfiya 13 ne, 680 na amfiya 20, 220 na amfiya 32, 100 kuma na amfiya 63. In babu wanda ya nuna komai, ka sami mai laifi. Ɗayan ƙaramin haƙorin, na magana, dole ya zama a haɗe daga wannan kai zuwa wancan. Ɗora mita a kansa ta ɓangarorin biyu, ka sa wani ya riƙa lanƙwasa kebul ɗin a hankali daf da wuyan kowane kai. Wayar maganar siririya ce, kuma a wuyan take karyewa saboda ja da naɗewa. In lambar tana tsalle, ga dalilin da cajinka ke yankewa yana dawowa. Haka za ka bi manyan haƙoran ɗaya bayan ɗaya. A kebul mai layi ɗaya, wato wanda wayar wuta guda ce a cikinsa ba uku ba, manyan haƙora biyun da ke can ƙasan kan ba a haɗe suke ba, kada wannan ya tsorata ka.

Kebul ɗin da ya lalace canja shi ake yi. Ban yarda da naɗe shi da salatif ba.

7. Ƙaramin batir mai volt 12

Abin mamaki ne ga sabon shiga, mota ɗauke da ƙaton batir amma ƙarami ya hana ta motsi. Dalilin shi ne kwamfutoci, da makullin bakin caji, da manyan makunnan da ke haɗa babban batir da sauran mota, duk a kan ƙaramin suke aiki. In ya yi rauni, ba wanda zai buɗe wa wuta ƙofa. Alamunsa su ne saƙonnin kuskure barkatai da ba su da alaƙa da juna, allo yana ɗaukewa, murfin bakin caji ya ƙi buɗewa, ko mota ta yi gum bayan ta kwana biyu a ajiye.

Auna shi bayan motar ta huta. Batirin dalma mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6. Ƙasa da 12.2 ya yi rauni, ƙasa da 12 kuwa ya zube. Kunna motar ta kai matsayin tafiya, ka sake aunawa: ya kamata ya haura 13, sau da yawa har wajen 14, alamar babban batir yana ciyar da shi. In bai haura ba, na'urar da ke cajinsa ce ke da matsala, sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya mutu. Wasu sababbin motocin, ciki har da na Tesla na baya-bayan nan, ƙaramin batirinsu na litiyam ne mai wajen volt 16, don haka waɗannan lambobin ba su shafe su ba, littafin motar za ka bi.

In ya mutu, jona batirin tayarwa a wuraren da littafin ya nuna, kunna motar, ka bar ta a kunne kamar rabin awa, sannan ka gwada caji. Batirin da ya zube sau biyu a jere, a canja shi.

8. Tana caji amma a hankali

Yi lissafi kafin ka yi ƙorafi. Volt sau amfiya shi ne wat. Volt 230 da amfiya 10 kilowat 2.3 ke nan, da amfiya 16 kilowat 3.7, da amfiya 32 kilowat 7.4. Batir mai ɗaukar kilowat-awa 60 zai ci fiye da awa 26 a kan kilowat 2.3 in daga ƙasa ya fara, kuma ba abin da ya lalace.

Gudun caji yana bin mafi rauni cikin ukun nan: caja, kebul, da cajar cikin mota. Ga inda mutane ke ruɗewa. Motar da cajarta ta ciki mai layi ɗaya ce, mai kilowat 7.4, in ka soka ta a cajar kilowat 11 mai layi uku, kilowat 3.7 kacal za ta samu, domin kowane layi amfiya 16 yake bayarwa kuma ita ɗaya kawai take iya sha. Haka kebul na amfiya 20 zai taƙaita ka ko da cajar ta amfiya 32 ce.

A cajin DC kuwa batir ne ke ba da umarni. Yana sha da sauri in yana ƙasa, yana ragewa yayin da yake cika, bayan kashi 80 kuma saurin ya faɗi warwas. Sanyi mai tsanani yana sa shi ƙin karɓa da ƙarfi, don kada litiyam ya taru a inda bai kamata ba ya lalata shi. Zafi ma haka, musamman a motocin da batirinsu ba shi da ruwan sanyaya, irin su Nissan Leaf, inda caji mai sauri na biyu ko na uku a tafiya ɗaya kan yi ƙasa sosai da na farko. In motarka tana da tsarin daidaita zafin batir kafin isa tasha, sa tashar a taswirar motar tun kana hanya don ya fara aiki. In ba ta da shi, a lokacin sanyi yi caji da zarar ka dawo daga tafiya batir na da ɗumi, a lokacin zafi kuma ka nemi inuwa ka ba ta ɗan hutu.

9. A tashar caji ta jama'a

Da farko tabbatar kan ya dace da motarka. CCS1, CCS2, CHAdeMO, GB/T na ƙasar Sin, da NACS na Tesla, kowanne da siffarsa, kuma ba duka ne harshensu ɗaya ba. Abin haɗin da ke sa wannan ya shiga wancan ba kullum yake sa su fahimci juna ba, kuma na AC ba ya aikin DC. In kana amfani da irin wannan abin haɗi aka sami matsala, shi ne farkon wanda za ka zarga.

Bi tsarin da ke rubuce a jikin injin. Wasu sai ka biya ko ka nuna kati sannan ka soka, wasu akasin haka, kuma in ka yi jinkiri tsakani lokacin ya ƙare, sai ka sake daga farko. Duba jan maɓallin gaggawa, sau da yawa wani ne ya danna ya tafi. In ba ka ga alamar lalacewa a jikin injin ba, murɗa shi ya fito. Kebul ɗin DC yana da nauyi, yakan ja kan cajar ƙasa har ƙananan haƙoran su saki, saboda haka tallafe shi da hannu har sai ka ga lambobi sun fara tafiya. In sau biyu ya ƙi, koma inji na gaba, kada ka ɓata awa a kan wanda ya lalace. In kuma saurin ya gaza abin da aka rubuta, duba ko wata mota tana raba wutar da kai a inji ɗaya.

10. Idan kebul ya maƙale

Kada ka ja da ƙarfi, sandan makullin zai karye a ciki. Tsayar da cajin daga allon mota ko manhaja, danna buɗe ƙofa a makullin mota sau biyu ko uku, tura kan cajar ciki don nauyi ya sauka daga kan sandan, sannan ka ja. A cajar jama'a cire ɓangaren mota tukuna, shi ke sa injin ya saki nasa ɓangaren. In duk bai yi ba, yawancin motoci suna da igiyar gaggawa ko ɗan hannu a bayan bakin cajin, ta cikin but ko ƙarƙashin bonet. Ba a jan ta sai an tabbatar caji ya tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka nemo inda taka take yau da rana tsaka, kada ka bari sai dare ya same ka a tasha.

In ka bi waɗannan duka kuma motar ta ƙi caji a cajoji biyu ko uku da kebul daban-daban, ko ta nuna saƙon matsalar babbar wuta ko yoyonta, aikinka ya ƙare, saura na garejin da aka horar a kan motocin lantarki. Tafi da hotunan saƙonnin, da kebul ɗinka, da takardar da ka rubuta wace caja ka gwada, AC ce ko DC, batir yana kashi nawa, minti nawa ta yi kafin ta yanke, da abin da ƙaramin batir ya nuna. In cajin da ya rage ba zai kai ka can ba, a ɗora ta a kan motar ɗaukar mota mai shimfiɗaɗɗen baya, kada a ja ta da igiya tayoyinta na juyawa a ƙasa.